Zagon ƙasa ga shirin nukiliyar Iran: riba ko hasara?

Tun kafin jiragen yaƙin Isra'ila da na Amurka su kai farmaki a fili kan cibiyoyin nukiliyar Iran a watan Yunin 2025, an shafe shekaru fiye da 10 ana gwabza wani yaƙi na ɓoye, wanda ba kasafai ake samun mai ɗaukar alhakinsa ba.

Alamarsa ta fito fili ne a 2010, sa'ad da aka gano wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta riƙa jirkita gudun na'urorin tace yuraniyom a Natanz, alhali ma'aikata na ganin komai lafiya a allunansu. An ƙiyasta cewa na'urori kusan 1,000 ne suka lalace, aka kuma ɗora zargi kan Amurka da Isra'ila.

Daga 2010 zuwa 2012 an hallaka masana kimiyya 4 a Tehran. A Yulin 2020 gobara ta cinye ginin harhaɗa na'urori a Natanz, a Nuwamba kuma aka bindige Mohsen Fakhrizadeh, jigo a shirin. A Afrilun 2021 wata fashewa ta katse wa Natanz lantarki, sannan a watan Yuni aka kai wa wata masana'anta hari a Karaj. Hukumomin Tehran sun riƙa nuna wa Isra'ila yatsa, ita kuwa ba ta amsa ba, ba ta musanta ba.

Masu goyon bayan wannan salo na cewa ya jinkirta shirin ba tare da an shiga yaƙi ba, ya kuma tona asirin yadda 'yan leƙen asiri suka kutsa cikin hukumomin Iran.

To amma jinkiri daban, dakatarwa daban. Kwanaki kaɗan bayan harin Afrilun 2021, Iran ta fara tace yuraniyom zuwa kashi 60 cikin 100, alhali yarjejeniyar 2015, wadda Amurka ta fice daga cikinta a 2018, ta ƙayyade mata kashi 3.67. Bayan gobarar 2020 ta shiga haƙa sabon wuri a cikin dutse kusa da Natanz. Bayan harin Karaj kuwa, sai da ta yi watanni tana hana hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, mayar da kyamarorinta a wurin.

Ke nan kusan kowane hari ya bar baya da ƙura: aikin ya ƙara nutsewa ƙarƙashin ƙasa, idon masu bincike kuma ya ƙara nisa da shi. Abin da ya taɓa rage yawan na'urorin Iran da tarin yuraniyom ɗinta bisa yardarta, a gaban shaidu, shi ne teburin shawara na 2015. Zagon ƙasan da aka ce zai kawar da buƙatar yaƙi kuwa, bai hana yaƙin 2025 ba.