Ra'ayinmu: Tarho Maras Igiya da Intanet na Gida

A farkon shekarun 2000 wata matsala ta addabi magidanta da yawa a Amurka. Mutum yana zaune yana aiki da kwamfutarsa, intanet yana tafiya sumul, sai tarhon gidan ya yi ƙara. Da zarar an ɗauka sai intanet ya tsaya cak, ba kuwa zai dawo ba sai mai magana ya ajiye kan tarho. Wasu suka ɗora wa kamfanin da ke ba su intanet laifi, wasu suka mai da na'urar rarraba intanet kantin da suka sayo ta, suna cewa jabu aka ba su. Alhali kuwa kayan duka lafiyarsu ƙalau. Abin da ya faru shi ne tarho maras igiya da na'urar Wi-Fi suna magana a kan zango ɗaya na rediyo, kuma mai ƙarfin murya yana danne ɗan'uwansa.

Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu domin irin waɗancan kayan da Amurkawa suka gaji da su ba ɓacewa suka yi daga duniya ba. Kayan gwanjo na ƙasashen waje a kasuwanninmu suke ƙarewa, kuma ofisoshinmu da makarantunmu kullum ƙara dogara suke yi ga intanet maras waya.

Asalin maganar ya girmi kwamfutar gida nesa ba kusa ba. A 1947 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, a taron da ta yi a birnin Atlantic City, ta keɓe waɗansu zanguna na rediyo domin injunan masana'antu da na kimiyya da na asibiti, waɗanda ke fitar da igiyar rediyo a cikin aikinsu ba don su aika da saƙo ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne zangon da ke kusa da megahaz 2,450, inda na'urar ɗumama abinci ta maikurowef ke aiki har yau. A taƙaice an mai da wurin juji, don kada hayaniyar injuna ta dami tashoshin rediyo da jiragen sama. A 1985 sai Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wato FCC, ta ba kowa izinin ya yi sadarwa a wannan zango ba tare da lasisi ba, muddin ƙarfin na'urarsa bai wuce ƙa'ida ba. Sharaɗin da aka gindaya shi ne wanda ya shiga ya shiga da haƙurinsa: in wata na'ura ta yi maka katsalandan, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Abu na kyauta kuwa ba ya rasa masoya. Ka'idar sadarwar da aka fi sani yau da sunan Wi-Fi ta fito a 1997, aka inganta ta a 1999, kuma a wannan zango ta sauka. Masu ƙera tarho maras igiya, waɗanda a da suke amfani da megahaz 49 sannan 900, su ma wajen ƙarshen shekarun 1990 suka ƙaura zuwa can, suna buga “2.4 GHz” da manyan haruffa a jikin kwali. Bluetooth ya zo ya samu wuri, haka ma na'urar sauraron kukan jariri da kyamarar tsaro maras waya. Duk wannan taro a cikin fili mai faɗin megahaz 83.5 kacal.

Ya kamata mai karatu ya fahimci ƙarancin wannan fili. An yanka shi layi-layi, goma sha ɗaya a Amurka, goma sha uku a yawancin sauran ƙasashe, tsakanin kowane layi da na kusa da shi megahaz biyar. Amma na'urar Wi-Fi tana bukatar kimanin megahaz ashirin in za ta yi magana. Saboda haka layukan suna hawa kan juna, kuma uku ne kawai aka saba dogara da su don ba sa taɓa juna, wato na 1 da na 6 da na 11. Ke nan tun kafin tarho ya shigo, gida huɗu masu maƙwabtaka sun isa su fara takura wa juna.

Abin da ya sa tarho yake yin galaba shi ne bambancin hali. An gina Wi-Fi da ladabi irin na zaman majalisa: kafin ya yi magana sai ya kasa kunne, in ya ji wani yana magana ya dakata, ya jira ɗan lokaci, ya sake saurarawa. In ya aika da saƙo bai ji amsar cewa ya isa ba, sai ya maimaita, kuma ya rage saurinsa don a ji shi da kyau. Tarhon wancan zamani bai san wannan ladabi ba. Muryar mutum ba ta jira, don haka daga lokacin da aka ɗauki kai har a ajiye, tarho yana ta watsa igiyarsa ba ƙaƙƙautawa. Wi-Fi kuwa yana gefe yana jiran a yi shiru, ko yana ta maimaita saƙon da aka tattake. Abin da mai kwamfuta zai gani shi ne shafi ya ƙi buɗewa.

Tarhon ma iri biyu ne. Akwai wanda yake zama a kan layi guda. Wannan ana iya kauce masa, a shiga cikin saitin na'urar rarraba intanet a mai da ita layi na 1 ko na 11, duk wanda ya fi nisa da tarhon. Akwai kuma mai tsalle, wanda yake sauya layi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, yana ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan ba shi da makauta, duk layin da ka koma zai biyo ta kanka. Bluetooth ma mai tsalle ne, sau 1,600 a daƙiƙa, amma a 2003 masu tsara shi suka koya masa ya riƙa gane layukan da ake amfani da su yana tsallake su. Yawancin tsofaffin tarho ba wanda ya koya musu haka.

Da ƙorafi ya yi yawa sai aka fito da tarho mai lambar “5.8 GHz”, jama'a suka yi ta saye suna zaton sun rabu da wahala. Nan ma akwai lauje cikin naɗi. Da yawa daga cikinsu mazaunin tarhon ne kaɗai yake magana a kan 5.8, kan da ake riƙewa a hannu kuwa yana mai da amsa a kan 2.4 ko 900, don kada batir ya ƙare da wuri. Wanda bai karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwali ba ya biya kuɗi ya sayo tsohuwar matsalarsa.

Magani na gaskiya daga Turai ya zo. Tun 1992 hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar da tsarin da ake kira DECT, aka kuma keɓe masa zangonsa shi kaɗai, daga megahaz 1,880 zuwa 1,900. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san amfanin burtali: in aka fitar wa shanu hanyarsu, manomi da makiyayi ba sa haɗuwa a gona. Shi ya sa wannan rigima ba ta yi tsanani a Turai kamar yadda ta yi a Amurka ba. A tsakiyar shekarun 2000 Amurka ta bi sahu, amma da yake nata zangon na Turai yana hannun wasu, sai ta ba tsarin wuri daga 1,920 zuwa 1,930, 'yan kasuwa suka raɗa masa suna “DECT 6.0”. Wannan shida ɗin ado ce kawai ta talla, ba ta da dangantaka da zangon da tarhon yake aiki a kai.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Gaskiya ne tun da wayar hannu ta shigo a 2001 tarhon tebur ya yi ƙaranci a gidajen Nijeriya, amma yana nan a ofisoshi da otal-otal da asibitoci, inda ake haɗa shi da layukan cikin gida. Ma'aikacin da aka aika ya sayo tarho maras igiya yana fuskantar tarko biyu. In ya ɗauko tsoho mai lambar 2.4, ya kawo wa intanet na ofis kishiya. In kuma ya ji labarin cewa DECT ne magani ya ɗauko na Amurka, to ya tsira da Wi-Fi amma ya shiga gonar wasu. Dalili shi ne a 2007 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ba kamfanoni lasisin 3G a zangon da ake kira 2,100, kuma a wannan tsari wayar hannu tana aika wa eriyar kamfani magana ne tsakanin 1,920 da 1,980. Tarhon da aka ƙera don Amurka yana zaune ne a farkon wannan fili daidai. Ƙasashen Turai, masu irin wannan tsari, ba su yarda a yi amfani da shi ba saboda haka. Mai shi ba zai ga wata illa a ɗakinsa ba. Maƙwabtansa ne za su iya rasa dalilin da ya sa kiransu yake yankewa.

Wanda ya riga ya mallaki tarho mai 2.4 bai rasa abin yi ba. Ya raba mazaunin tarhon da na'urar intanet, kada su kwana a kan tebur guda, domin a sarari in nisa ya ninka biyu ƙarfin igiyar yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ya gwada sauya layi. In na'urarsa tana da zangon 5 GHz, kamar yadda yawancin na yanzu suke da shi, ya koma can, sai dai ya sani wannan zango ba ya ratsa bangon bulo kamar na 2.4. Ɗalibi mai gwada wannan a ɗakin kwanan makaranta zai koyi darasin rediyo da hannunsa fiye da abin da zai haddace a allo.

Amma mu a namu ra'ayi bai kamata a bar wannan nauyi a wuyan mai saye shi kaɗai ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon tantance kowane irin kayan sadarwa kafin a sayar ko a yi amfani da shi a ƙasar nan. Muna kira ga hukumar da ta haɗa kai da jami'an kwastan don kayan gwanjo su ma su bi ta wannan ƙofa, ta kuma yi wa 'yan kasuwa bayani da Hausa da sauran harsunanmu a gidajen rediyo, tunda lambobin da ke jikin kwali ba kowa ne ya san fassararsu ba. Ma'aikatun gwamnati kuwa, duk sanarwar kwangilar sayen tarho ko kyamara maras waya da za su fitar, su rubuta zangon da ake bukata ƙarara, kuma kada ma'ajin kaya ya sa hannu ya karɓa sai ɗan kwangila ya nuna shaidar amincewar NCC.