Farar fitila ba ta yanka hazo

Ƴan uwa ƴan kasuwa, hunturu ya kama, kuma yawancinmu da asuba ko da dare muke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da kaya. Mu dubi fitilun motocin da muke shiga.

Motocin nan daga Turai suke zuwa, inda dusar ƙanƙara ke zuba. Can direbobi sun san idan ƙanƙara na sauka aka kunna wutar nesa, hasken yakan bugi ƙanƙarar ya dawo cikin ido. Sai su koma wutar kusa da ƙananan fitilun ƙasa. Tsohon ƙwan halojan yana zafi har ya narkar da ƙanƙarar da ta manne a gilashi. Farin ƙwan LED ba ya ɗumama gilashin, sai ta toshe shi. A Faransa ma, har 1993 rawayar fitila doka ta tilasta.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma ƙurar hazo haka take maido da haske. Duk da haka direbobinmu sai cire ƙwan asali suke yi, su sa farin LED na kasuwa cikin kwanon da ba a ƙera dominsa ba. Hasken ya watsu, ya makantar da mai tahowa, amalanke na gefen kwalta kuma ba a gani.

Iyayenmu mata, ku ke biyan kuɗin mota. Kafin a tashi, ku ce wa yaron mota ya goge fitilu, direba kuma ya sauke wuta in hazo ya yi kauri.