Laifin rana ne, ba na waya ba

Masu koyon ɗaukar hoto sun cika ɗora wa waya laifi, alhali matsalar haske ce. In ka tsayar da mutum a fili da tsakar rana, dole ya runtse ido, inuwa ta taru a ƙarƙashin idanunsa da hancinsa. Bari sai bayan la'asar, ko ka kai shi bakin zaure ya fuskanci waje. Hotunan Sallah ne suka fi ba ni takaici: farar shadda na ta ƙyalli, fuska kuwa ta yi duhu, domin kyamara hasken rigar ta auna. Taɓa fuskar a allon wayar, ka ɗan ƙara haske. Hazon hunturu ma, da kowa ke kuka da shi, yana tausasa haske, sai dai ka riƙa goge gilashin kyamarar saboda ƙura.