Sharhi: Dausayin Nguru, kachala da ruwan da Gashuwa ke sha

A duk lokacin da aka taso da maganar dausayin Haɗeja zuwa Nguru, abin da ke fara zuwa bakin manoma da masunta shi ne kachala. Wannan ciyawa mai tsawon da ya fi na mutum ta cinye gonakin shinkafa, ta toshe hanyoyin jiragen kwale-kwale, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce buƙatar jama'a ɗaya ce, wato a kawo injina a yashe ta. Sai dai binciken masana muhalli, na gida da na waje, ya nuna cewa dausayin yana wani aiki da ba a cika lissafa shi ba: yana tace ruwan da ke gangarowa daga Kano da Jigawa da Bauchi kafin ya isa garuruwan arewacin Jihar Yobe.

Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa ne a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, su rarrabu zuwa rassa, sannan su sake haɗuwa kafin Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke nufar Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma, mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, kuma shi ne wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

Tun kafin nan al'amura sun sauya. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka kammala ta Chalawa a 1992. Masu binciken da suka yi aiki da shirin kare dausayin, wanda aka fara a 1987, sun ƙiyasta cewa faɗin ƙasar da ambaliyar damina ke shafa ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun baya. Masanin tattalin arzikin muhalli Edward Barbier, tare da William Adams da Kevin Kimmage, sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a dausayin, ta fuskar noma da kamun kifi da itacen girki, ya ninka sau da yawa abin da ake samu idan an karkatar da shi zuwa aikin noman rani na Kogin Kano. Wannan lissafi ma bai haɗa da aikin tace ruwa ba.

Yadda tacewar ke faruwa abu ne mai sauƙin fahimta. Ruwan da ya ratsa gonakin Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja yana ɗauke da ragowar takin zamani, musamman sinadarin naitirojin da na fosforas. Idan ya shiga dausayi sai gudunsa ya ragu, laka ta kwanta, saiwoyin ciyayi su zuƙi wani kaso. A cikin taɓon da ke ƙasa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da naitiret ya koma iskar naitirojin, ta tashi sama ba tare da cutar da kowa ba. Wannan fita ce ta har abada. Fosforas kuwa ba ya zama iska. Manne wa laka yake yi, ko ya shiga jikin tsiro, kuma ranar da lakar ta ƙoshi, ko tsiron ya ruɓe a wurin, sai ya dawo cikin ruwa. Haka abin yake ga ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da kuromiyom: dausayi yana ajiye su ne kawai, ba ya kashe su.

Wannan bambanci tsakanin cirewa da ajiyewa shi ne ginshiƙin aikin Farfesa William Mitsch, masanin dausayi ɗan Amurka da ya samu kyautar ruwa ta Stockholm a 2004. Shi da abokan aikinsa sun haƙa dausayoyin gwaji a gefen Kogin Olentangy da ke Jihar Ohio, suka shafe shekaru suna auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita. A 2020 kuma wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nandita Basu ta Jami'ar Waterloo da ke Kanada sun wallafa a mujallar Nature cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na faɗin dausayi a Amurka zai iya ninka yawan naitirojin da ake cirewa, muddin an yi ƙarin a wuraren da taki ya fi kwararowa. A nan Afirka, ƙiyasin da ƙungiyar IUCN ta yi a 1999 ya nuna cewa dausayin Nakivubo da ke Kampala yana yi wa birnin aikin tace ƙazamin ruwa da ya haura na dala miliyan ɗaya a shekara kafin ruwan ya faɗa Tafkin Victoria.

To, ina kachala ta shigo? Ita alama ce kafin ta zama cuta. A da, dausayin yana cika da damina ya bushe da rani, kuma wannan bushewa ce ke hana ta zama. Da madatsun ruwa suka fara sakin ruwa duk shekara, rassan kogin suka daina ƙafewa, sai ta samu wurin zama, takin da ke gangarowa kuma ya zama mata abinci. Ita da yashi suka cushe tsohon Kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa Marma, ƙauyukan da ke kusa da Nguru suka yi ta fama da ambaliya yayin da na ƙasa ke jiran ruwa. Irin haka ta faru a Kogin Senegal bayan gina madatsar Diama a 1986, ta kuma faru a dausayin Everglades na Amurka, inda fosforas daga gonakin rake ya yaɗa ta. Abin lura shi ne, a can Florida hukumomi sun juya lamarin, suna amfani da ita a manyan filayen da aka keɓe domin tace ruwan gona.

Tambayar da ta fi nauyi tana Gashuwa. Shekaru da dama ke nan masarautar Bade da maƙwabtanta na kukan yawan ciwon ƙoda, kuma gidajen da suka ɗauki majinyaci zuwa Nguru ko Damaturu ko Maiduguri domin wankin ƙoda sun san abin da hakan ke ci. Zargi ya daɗe yana kan ruwa. Farfesa Maimuna Waziri, masaniyar kimiyyar sinadarai da ta zama shugabar Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2021, na daga cikin waɗanda suka yi nazarin ingancin ruwan Kogin Yobe tun kafin batun ya cika kafafen yaɗa labarai. Gwamnatin Mai Mala Buni kuma ta ɗora wa cibiyar binciken BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina ke jagoranta, aikin gano musabbabin ciwon tare da masana daga Ingila.

Ya kamata a yi hattara wajen yanke hukunci. A Sri Lanka da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, inda manoma ke fama da ciwon ƙoda makamancin wannan, masana sun daɗe suna auna tasirin zafin rana da ƙishirwa a gona da magungunan feshi da ƙarafan da ke cikin ruwa, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa. Amma akwai abin da ba a jayayya a kansa game da yankin: ambaliyar dausayin ce ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi da burtsatsen ban-ruwa ke ja, kamar yadda binciken Gayatri Acharya da Barbier ya nuna a shekarar 2000. Ke nan abin da ya shiga kogi a sama, har da ruwan masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa, ba ya rasa hanyar zuwa ƙasa, kuma dausayin ne kaɗai shingen da ke tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, 0.01 na dalma, da 0.003 na kadmiyom. Ƙananan alƙaluma ne da ido ba ya gani, harshe ba ya ɗanɗanawa.

Wannan ya sa yadda ake yasar kachala ke da muhimmanci kamar yasar kanta. Idan injin ya tumɓuke ta ya jibge a bakin gaɓa, damina ɗaya ta isa ta mayar da duk abin da ta zuƙa cikin kogi, lakar da aka motsa kuma ta saki abin da ta binne. Idan kuwa aka yanke ta aka fitar da ita daga dausayin, an fitar da fosforas ɗin ke nan. A Manitoba ta Kanada an gwada girbin ta domin rage fosforas da ke shiga Tafkin Winnipeg, a Senegal da Muritaniya ana yin gawayi da ita. A gida ma, ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi aiki da Jami'ar Maryland da wata jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Madrid wajen sarrafa ta zuwa iskar gas ta girki da abincin dabbobi. Dabara ce mai kyau, da sharaɗin a riƙa gwada ciyawar kafin a ba shanu, domin tsiron da ke zuƙar taki yana zuƙar ƙarfe.

Hukumomin da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda sakin ruwan Tiga da Chalawa ke hannunta. Akwai asusun amintattu na kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe, mai hedikwata a Damaturu, wanda jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno suka kafa tare da gwamnatin tarayya a 2006. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Abin da masu bincike za su fi amfana da shi daga waɗannan hukumomi bai kai kuɗin injin yasa ɗaya ba: tashoshin awo na dindindin a inda ruwa ke shiga dausayin wajen Haɗeja, da Tafkin Nguru, da gadar Gashuwa, a riƙa ɗibar ruwa da laka kowane wata, damina da rani, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Irin wannan awo ne zai nuna wace kachala ce ta toshe hanya ya kamata a cire, wace ce kuma ke tsaye a bakin magudanar gona ya kamata a bari ana girbe ta.

Zai kuma yi amfani ranar da aka sake taso da batun madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka daɗe ana ɗagawa ana ajiyewa. Jama'are ne kogin da har yanzu ke kawo cikakkiyar ambaliyar damina ba tare da babbar madatsa ta tare shi ba, kuma shi ke samar da mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa.