Ba Kowane Ɗigo Ba Ne Yoyon Fitsari

A ƙasar Hausa, da zarar an ce "yoyon fitsari" hoto ɗaya ke faɗo wa mai sauraro: yarinya 'yar ƙauye wadda doguwar naƙuda ta huda mata mafitsara. Hoton gaskiya ne, kuma an yi gumi kafin a sa jama'a su dube shi. Tun a shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinke irin wannan rauni a Babbar Ruga ta Katsina. Akwai cibiyar Laure a Kano, da ta Ningi, da ta Danja kusa da Maraɗi, kuma tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Mayu domin cutar. Sai dai sunan ya haɗiye duk wata matsalar riƙe fitsari. Wadda ba ta da huji, ko namijin da ke jiƙa wando, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Kufcewar fitsari ba cuta ɗaya ba ce. Akwai mace mai haihuwa shida wadda ba ta zubarwa sai in ta yi tari, ko atishawa, ko ta sunkuci bokitin ruwa. Tsokokin ƙasan ƙugunta ne suka saki, ba sa iya matse bututun fitsari idan ciki ya yi nauyi. Akwai wanda fitsari ke kama shi farat ɗaya, kafin ya kai bayi ya zubo, domin tsokar mafitsararsa na matsewa ba da izini ba. Da yawa suna da biyun a haɗe. Dattijon da furostet ɗinsa ya kumbura, ko mai ciwon sukarin da ya lalata masa jijiyoyi, nasa daban ne: mafitsara ce ta cika ta kasa juyewa, sai ta riƙa tumbatsa. Mai huji kuwa dare da rana take jiƙe, ko tana kwance ko tana tsaye.

Wannan bambanci ba wasan kalmomin likitoci ba ne. Maganin da ke kwantar da mafitsara mai zumuɗi, idan aka ba dattijon da tasa ta kasa juyewa, ƙara ɗaure fitsarin zai yi, kuma fitsarin da ya daɗe a ɗaure yana iya komawa ya lalata ƙoda. Amma me ake gani? Mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa ya riga ya yanke hukunci: sanyi ne. Mai kyamis ya bi sahu da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta, zagaye bayan zagaye, ba tare da an gwada fitsarin ba ko sau ɗaya. "Sanyi" ya zama buhun da ake zuba duk abin da aka ƙi bincikawa.

Abin takaicin shi ne binciken ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Tambaya ce ta farko: yaushe yake zubowa? Sai a sa mutum ya rubuta, kwana uku, abin da ya sha da lokutan da ya yi fitsari da lokutan da ya kufce. A gwada fitsarin. A ce ta yi tari mafitsara na cike, a duba. Bayan an yi fitsari a auna abin da ya rage da roba ko da hoto. Idan ana zargin huji, a ɗura ruwan shuɗi cikin mafitsara a ga ko zai ɓulla ta gaba. Asibitin ƙaramar hukuma na iya yin kusan dukansu. Lokaci da kunnen saurare ne suka yi ƙaranci.

Haka ma gyaran. Tun 1948 likitan mata Arnold Kegel ya bayyana a Amurka cewa ana iya ƙarfafa tsokokin ƙasan ƙugu da motsa su. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ke bi ita ce a fara da wannan atisaye ƙarƙashin kulawar gwani na aƙalla wata uku, matsewa takwas sau uku a rana, kafin a yi zancen wuƙa. Mai fitsarin gaggawa kuma a horar da mafitsararsa aƙalla mako shida, ana ƙara tazara kaɗan-kaɗan, a rage shayi da kofi. Kulawar gwanin ba ado ba ce, don mata da dama idan aka ce su matse, nishi suke yi su tura ƙasa. Aikin likitocin fisiyo ne, waɗanda har gobe jama'a ke ɗauka masu gashin ƙashi ne kawai, kuma da wuya a ji an tura musu mai jego daga ɗakin haihuwa.

Ko a fagen hujin kansa akwai lissafin da ya kamata a tuhuma. Ana shelar adadin matan da aka yi wa aiki, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto. To, ɗinke huji daban, bushewa daban. Idan naƙuda ta ci wuyan mafitsara ko ta ƙanƙance ta, mace na iya ci gaba da jiƙewa bayan an rufe hujin tsaf. A takarda ta warke. A gida tabarmarta na nan a ware.

Za a ce ai kunya ke hana mutane faɗa, ba laifin asibiti ba ne. Wannan uzuri bai tsaya da ƙafarsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da hukuncin mai salas a zaure, gaban yara da manya, suka sauƙaƙa masa sha'anin alwala, ba wanda ya sunkuyar da kai. Matar da aka auna wa jini da nauyi a awon bayan haihuwa za ta iya amsa tambaya ɗaya ƙari, da an yi mata ita: "Idan kin yi tari, fitsari na zubo miki?"