Sharhi: A koya wa yaran Adar illar wiwi tun kafin su tafi bida

Da zarar an gama girbi, tashoshin Madawa da Buza da Keita kan cika da samari masu haramar tafiya bida, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Najeriya ko Kodibuwa, wasu kuma wuraren haƙar zinariya na jahar Agadas. Da yawansu ba su daɗe da barin aji ba. A can ne yaro, ba uwa ba uba kusa, ga aikin ƙarfi, zai haɗu da mai miƙa masa wiwi ko taramol yana cewa maganin gajiya ne. Ya kamata a ce ya ji gaskiyar abin tun yana makaranta.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a Nijar. A watan Maris na 2021, hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai, wanda aka nufi Libiya da shi. A Najeriya, wadda ke da iyaka da gundumar Madawa, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. 'Yan sanda na iya tare mota, amma ba su iya tare hannun da ke miƙa wa yaro kara a fada.

Don haka ya kamata darasin ya shiga koyarwar kiwon lafiya tun daga ajin CM1 da CM2. Idan aka jira sai sakandare, yara da dama na karkara sun riga sun bar karatu. Taron ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shan ƙwaya ta duniya, bai isa ya maye gurbin darasin da ake maimaitawa cikin shekara ba.

Abin da za a koyar kuwa ya zama gaskiya tsantsa. Ƙwaƙwalwar mutum tana ci gaba da ginuwa har wajen shekara 25, sinadarin THC da ke cikin wiwi kuma yana raunana tunawa da natsuwa. Kusan ɗaya cikin shida na waɗanda suka fara sha tun suna samari sukan kasa dainawa, kuma yawan sha yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Amma malamin da ya ce zuƙa ɗaya tana haukatarwa ya zubar da darasinsa, domin yaron ya san mashayin da ke yawo lafiya a unguwa. Shirin Unplugged da aka gwada a makarantun sakandaren Najeriya da tallafin UNODC ya ƙunshi darussa 12, inda ɗalibai ke gwada yadda za su ƙi tayin aboki ba tare da jin kunya ba. Hukumomin ilimi na jahar Tawa za su iya ɗaukar darasi daga nan.

Wasu iyaye na fargabar cewa maganar wiwi a aji za ta buɗe wa yara ido. Fargabar tana da dalili, shi ya sa dole a horar da malamai tukuna, a sa ma'aikatan lafiya da kwamitocin iyaye da limamai a ciki. A kuma yi darasin da Hausa, wadda ta zama harshen ƙasa a 2025, don yaro ya iya maimaita shi a gida, almajiran makarantun allo su ma su samu.

'Yan bida da ke aiko kuɗi gida su ma da nasu kason. Sun ga yadda wiwi ya cinye guzurin wasu abokan tafiyarsu. Idan sun dawo da damina, ƙanensu za su fi saurarensu a kan kowane jami'i. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.