Ba a auna kowane fim da mudu ɗaya

A Tamawa da sauran garuruwan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, fim ya daina jiran a je gidan kallo. A shagon cajin waya ake tura shi, ya shiga aljihun yaro, daga nan ya isa ɗakin uwarsa. Turin ba ya buƙatar sabis. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma, abin da ke cikin memori bai goge ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da iko a kan masu shirya fim a Kano, amma hannunta bai kai wayar yaron Tamawa ba. Tacewar da ta rage ita ce ta maigida da uwargida da malamin Islamiyya.

Abin da ya dame mu shi ne yawancinmu da mudu ɗaya muke awo: in akwai rawa da waƙa fim ya ɓaci, in babu ya tsira. Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci haƙiƙaninsa, kuma fim iri-iri ne, kowane iri da inda yake da ƙarfi da inda yake cutarwa.

Fina-finan soyayya su ne suka fi shan suka tun bayan Sangaya a 1999, kuma sukar tana da hujja: cakuɗuwar maza da mata da shigar da ba ta dace ba abu ne da ba ma kare shi. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa su ne suka kawo zancen auren dole da sakin wulaƙanci da zaluncin kishiya gaban mutanen da ba sa son a taɓo shi. Aibinsu da ba a cika ambata ba shi ne gidajen da ake nunawa. Yarinyar da ta tashi tana ganin kowace amarya a bene da mota, da wuya ta ga ƙimar manomin da ya zo neman aurenta.

Barkwanci kuma yana magana da harshen talaka. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya sa marowaci da maƙaryaci sun ga kansu a madubi. Amma a wannan fagen ne ake mai da gurgu da mai in'ina da mai gurguwar Hausa abin dariya, alhali Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da sunayen banza. Yara kan kwashe irin wannan su kai makaranta washegari.

Inda muke so a tsaya a yi nazari shi ne fina-finan faɗa, musamman na Indiya da ake fassarawa da Hausa. Iyaye da dama sun sake da su, suna cewa ai duka ne kawai da harbi. Masu fassarar gwanaye ne, sun iya zuba kirari da habaici har mai kallo ya manta jarumin ba Bahaushe ba ne, kuma labarin kan tsaya wa wanda aka zalunta. To, amma ta wace hanya? Kusan kullum alƙali ya ci hanci, ɗan sanda ya sayar da kansa, sai mutum ɗaya ya ɗauki makami ya rama wa kansa, a yi masa kiɗa yana tafiya a kan gawarwaki. A Shari'a, ƙisasi aikin hukuma ne bayan shaida da shari'a, ba na wanda ransa ya ɓaci ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da ramuwar gayya ta taimaka wajen ruruta wutar da ta raba mutane da gonakinsu. Ba mu ce fim ne ya haifi ɗan bindiga ba. Talauci da rashin adalci da yawaitar makamai sun riga shi. Muna cewa ne yaron da ya ga an kashe ɗan'uwansa, sannan kowane dare allo yana nuna masa cewa namiji shi ne mai ramawa da hannunsa, an ƙara masa nauyin da malaminsa zai sha wuya kafin ya sauke.

A cikin Satumban 2021 ɗin nan hukumar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar mai kyau ce, amma a ganinmu wuƙar ta yi faɗi. Fim ɗin da ya zauna da matar da ta sayar da gona don biyan kuɗin fansa ba ɗaya yake da wanda ya ƙawata mai bindiga da babur da rawani ba. Tambayar ita ce: da wa aka sa zuciyar mai kallo ta tsaya?

Sai fina-finan tarihi da na addini, waɗanda muke buɗe wa ƙofa ba bincike. Akwai nagartattu a cikinsu. Mustafa Akkad ya shirya Ar-Risala a 1976 ba tare da ya nuna Manzon Allah (SAW) ba, kuma fim ɗinsa na Umar Mukhtar, malamin Libiya da Italiyawa suka rataye a 1931, ya sanar da mutane da yawa tarihin da ba su karanta ba. Amma rawani da kabbara ba sa mai da ƙirƙira ta zama tarihi. Abin da masana suka tabbatar game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai, yawancin abin da aka gani a shirin nan na Turkiyya marubuta ne suka tsara shi. Shirin Umar na 2012 ya nuna fuskokin halifofi huɗu, malamai suka saɓa a kansa sosai. Mai kallon soyayya ya san wasa yake kallo, mai kallon tarihi kuwa sai ya tashi yana ba da labari a majalisa kamar ruwaya.

Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A cikin ɗalibansu akwai masu karanta Hausa da addini da tarihi, kuma su ma suna kallo. Muna kira gare su da su riƙa rubuta sharhin fim da Hausa, gajere, mai faɗin irin fim ɗin, da abin da ya iya, da inda ya kauce, da shekarun wanda ya dace ya gani, yadda uban da ba shi da lokacin kallon zango goma zai samu abin dogara. Wannan shafi zai buga wanda ya inganta. Muna so a fara da fina-finan fassara, don su ne aka fi yi wa shiru a kan mumbari.